Mai Riƙe da Bakin Jaka: Majalisun Jihohin Amurka da Lamurran Ƙasashen Waje

Gabatarwa

A watan Maris na shekarar 1998, a Annapolis, wani ƙaramin gari na bakin ruwa wanda shi ne hedikwatar jihar Maryland ta ƙasar Amurka, 'yan majalisar dokokin jihar suka zauna suna tattauna batun Nijeriya. Shekara biyu da 'yan watanni ke nan a lokacin da gwamnatin Janar Sani Abacha ta rataye Ken Saro-Wiwa da wasu mutum takwas 'yan ƙabilar Ogoni, ranar 10 ga Nuwamba, 1995. Ƙudurin da ke gaban 'yan majalisar yana neman jihar ta daina ba da kwangila ga kamfanonin da ke hulɗar kasuwanci da Nijeriya. Maryland ba ta da jakada a Abuja, ba ta kuma da ikon sa hannu a yarjejeniya da kowace ƙasa. Duk da haka gwamnatin Shugaba Bill Clinton ta ɗauki zaman da muhimmanci, har Ma'aikatar Harkokin Waje ta taso wani babban jami'inta daga Washington ya je ya ja hankalinsu cewa dokar za ta iya saɓa wa alkawuran ciniki da Amurka ta ɗauka a duniya. Ƙudurin bai kai ga zama doka ba.

Me ya sa gwamnatin tarayya mai ƙarfi irin wannan ta damu da abin da majalisar wata ƙaramar jiha za ta zartar? Amsar tana cikin tarihin da ya haura shekara ɗari biyu. Kundin tsarin mulkin Amurka ya hana jihohi bakin magana a harkokin waje, amma ya bar musu bakin jaka. Su ke yanka harajinsu, su ke cin bashinsu, su ke zaɓar wanda za su yi sayayya a wurinsa da inda za su ajiye kuɗin fanshon ma'aikatansu. Ta wannan ƙofa majalisun jihohi suka riƙa kutsawa cikin lamurran duniya. Wannan maƙala za ta bi sawunsu daga 1783 zuwa zamaninmu, don ta nuna cewa sunan da suka bari, mai kyau ko maras kyau, ya rataya ne a kan abu guda: ko sun tsaya sun tambayi wanda zai biya kuɗin abin da suke zartarwa, ko kuwa sun ɗaga hannu sun wuce.

Iyakar da Aka Shata

Sa'ad da Amurka ta ƙwaci kanta daga hannun Ingila, jihohi goma sha uku ne, kowace tana ganin kanta ƙasa ce. Yarjejeniyar Paris ta 1783, wadda ta rufe yaƙin, ta yi alkawarin cewa ba za a hana 'yan kasuwar Ingila karɓar basussukan da suke bin Amurkawa tun kafin yaƙi ba. Sai dai gwamnatin tsakiya da ta ɗauki alkawarin ba ta da ikon tilasta wa kowa. Tun a 1777 majalisar Virginia ta yi dokar da ta bai wa wanda Bature ke bi bashi damar zuba kuɗin takarda, waɗanda darajarsu ke ta zubewa, a baitulmalin jiha, a ba shi shaidar cewa ya fita. Wasu jihohin ma suka yi ta ƙirƙiro dokokin kawo cikas. Ingila ta ce tunda haka ne, ita ma ba za ta kwashe sojojinta daga sansanonin Detroit da Niagara ba, ta kuwa zauna a cikinsu har 1796.

Wannan abin kunya yana cikin dalilan da suka tara wakilan jihohi a Philadelphia a 1787. Kundin da suka rubuta ya haramta wa jiha ƙulla yarjejeniya ko ƙawance da wata ƙasa, a sashe na 10 na babi na ɗaya. Babi na shida kuma ya ɗora dokar tarayya da yarjejeniyoyin da tarayya ta ƙulla a kan dokar kowace jiha. A 1796 Kotun Ƙoli ta tabbatar da haka a shari'ar Ware da Hylton, ta ce yarjejeniyar Paris ta shafe dokar Virginia. Lauyan da ya tsaya wa waɗanda ake bi bashin, ya sha kaye, shi ne John Marshall, wanda bayan shekara biyar ya zama Alƙalin Alƙalan ƙasar. A takarda dai an gama magana: ba a sarki biyu a gari ɗaya.

Dokar da Ta Faɗa Kan Baƙo

A aikace kuwa da sauran rina a kaba. A 1822 hukumomin Charleston, babbar tashar jiragen ruwa ta jihar South Carolina, suka zargi wani kafinta 'yantaccen bawa mai suna Denmark Vesey da shirya tawayen bayi, suka rataye shi da wasu fiye da talatin. A ƙarshen shekarar majalisar jihar ta yi doka cewa duk baƙar fata mai 'yanci da ya shigo tashar a matsayin ma'aikacin jirgi, a kulle shi a kurkuku har ranar da jirginsa zai tashi. Shugaban jirgin ne zai biya kuɗin tsaron, in bai biya ba a sayar da mutumin a matsayin bawa. Da yawa daga waɗanda abin ya faɗa wa talakawan Sarkin Ingila ne daga tsibiran Karebiyan, saboda haka Landan ta kai kuka Washington. A 1823 aka kai maganar wani haifaffen Jamaika, Henry Elkison, gaban Mai Shari'a William Johnson na Kotun Ƙoli, wanda shi kansa ɗan Charleston ne. Johnson ya bayyana cewa dokar ta saɓa wa kundin tsarin mulki, amma ya ce ba shi da hurumin ba da umarnin a saki mutumin. Jihar ta toshe kunnenta. Da Massachusetts ta aiki lauya Samuel Hoar a 1844 don ya ƙalubalanci dokar a kotu, majalisar South Carolina ta zartar a kore shi daga jihar, ya bar garin ba tare da ya shigar da ƙara ko ɗaya ba.

Bayan kusan shekara saba'in, irin wannan ta faru a can gaɓar yamma. A 1913 majalisar Kalifoniya ta ɗauko ƙudurin hana baƙin da doka ba ta yarda su zama 'yan ƙasa ba mallakar gonaki, ta kuma taƙaita musu hayar gona zuwa shekara uku. Ba a ambaci sunan kowa ba, amma kowa ya san manoman Japan ake nufi, waɗanda suka yi fice wajen noman kayan lambu. Japan, wadda ta ci Rasha da yaƙi a 1905, ta ɗauki abin a matsayin cin mutunci. Shugaba Woodrow Wilson ya tura Sakataren Harkokin Wajensa, William Jennings Bryan, takanas zuwa Sacramento don ya lallashi 'yan majalisar. Suka saurare shi, suka zartar da dokarsu da gagarumin rinjaye, Gwamna Hiram Johnson ya sa hannu a watan Mayu. Sai a 1952 babbar kotun jihar ta soke ta.

Abin da ya haɗa waɗannan dokoki biyu shi ne, masu ɗanɗana kuɗarsu ba su da ƙuri'a. Matuƙin jirgi ɗan Jamaika da manomi ɗan Japan ba za su iya kayar da kowa a zaɓe ba, don haka ba wanda ya tsaya ya lissafa abin da dokar za ta ci musu.

Bashin Landan

Akwai kuma lokacin da mai biyan ɗan gida ne, sai dai ba a gaya masa gaskiyar lissafin ba. Tsakanin 1817 da 1825 jihar New York ta haƙa hanyar ruwa ta Erie, mai tsawon mil 363, a kan kimanin dala miliyan 7, akasari da kuɗin rance. Aikin ya yi albarka. Kuɗin fito da jirage ke biya ya ɗauki nauyin bashin, birnin New York kuma ya zama ƙofar cinikin ƙasar. Sauran jihohi suka gani, kowace ta ce ita ma sai ta yi. A 1836 majalisar Indiana ta amince a ranto dala miliyan 10 don haƙa hanyoyin ruwa da shimfiɗa titi da layin dogo a lokaci guda. A 1837 Illinois ta bi sahu, kuma cikin waɗanda suka goyi bayan shirin har da wani matashin ɗan majalisa mai suna Abraham Lincoln. A kudu, jihohi suka ranto don kafa bankunan da za su ba manoman auduga bashi. Mississippi kaɗai ta tsaya wa takardun bashi na dala miliyan 5 don Bankin Union a 1838.

Yadda aka sami ƙuri'un shi ne abin lura. Don kowane ɗan majalisa ya ɗaga hannu, sai aka ja layin aiki ya bi ta mazaɓarsa, ko akwai kayan da za a ɗauko a can ko babu. Yawancin jihohin ba su yanka harajin da zai biya kuɗin ruwa ba, sun dogara ne cewa kuɗin fito da tashin farashin filaye za su biya. Kuɗin kuwa daga ƙetare babban kasonsu ya fito, daga hannun masu ajiya na Landan da Amsterdam. Zuwa 1841 bashin da ke kan jihohi ya kusa dala miliyan 200.

Kasuwa ta karye a 1837, ta sake karyewa a 1839. Farashin auduga da na filaye ya faɗi, ayyuka suka tsaya a rabi. Tsakanin 1841 da 1843 jihohi takwas suka kasa biyan kuɗin ruwa, wato Arkansas da Illinois da Indiana da Louisiana da Maryland da Michigan da Mississippi da Pennsylvania, tare da yankin Florida da bai riga ya zama jiha ba. Mai ajiya a Landan bai bambanta jiha da tarayya ba, a wurinsa duk Amurka ce. Da gwamnatin tarayya ta nemi rance a Turai a 1842, ba ta sami mai ba ta ba, alhali ita ba ta ci kuɗin kowa ba. Wake ɗaya ya ɓata gari. Malamin coci kuma marubuci Sydney Smith, wanda ya zuba kuɗinsa a takardun Pennsylvania, ya rubuta wa majalisar tarayyar Amurka takardar koke mai zafi a 1843, mawaƙi William Wordsworth ma ya yi wa mutanen jihar waƙar zambo.

Jihohin ba hanya ɗaya suka bi wajen fita ba. Pennsylvania ta ɗaure ta ƙara harajin dukiya, ta koma biya a 1845. Indiana ta miƙa wa masu binta hanyar ruwa ta Wabash da Erie a madadin rabin bashin a 1847. Mississippi kuwa ta ce ba ta san zancen ba, har a 1875 ta rubuta cikin kundin tsarin mulkinta cewa haramun ne a biya waɗannan takardu. Bayan kusan shekara ɗari da cin bashin, masarautar Monako, wadda aka ba ta wasu daga cikin takardun, ta kai ƙara Kotun Ƙolin Amurka. A 1934 kotun ta ce ƙasar waje ba ta iya gurfanar da jiha sai da yardar jihar.

Daga wannan wahala aka sami gyara mai ɗorewa. Kundin New York na 1846 ya ce ba za a ci babban bashi ba sai dokar ta faɗi aikin da za a yi da shi, ta yanka harajin da zai biya shi, jama'a kuma sun amince ta hanyar ƙuri'a. Kundin Indiana na 1851 ya hana jihar cin bashi sai a wasu 'yan larurori. Ma'ana, masu zaɓe sun ɗaure hannun majalisa saboda ta kasa ɗaure kanta. Sa idon da ake gani yau a jihohi da dama a kan bashi da ayyukan raya ƙasa, asalinsa daga nan ne.

Kuɗin Fansho da Wariyar Launin Fata

Sai a rabin ƙarni na ashirin na biyu majalisun jihohi suka gano cewa bakin jakar nan yana iya zama makami a hannun mai gaskiya. A lokacin asusun fansho na malaman makaranta da 'yan sanda da sauran ma'aikatan jihohi ya zama cikin manyan masu hannun jari a kamfanonin Amurka, kuma ɗaruruwan waɗannan kamfanoni suna aiki a Afirka ta Kudu ƙarƙashin mulkin wariyar launin fata. Bayan kisan ɗalibai a Soweto a 1976, ƙungiyoyin baƙar fata da majami'u da ɗaliban jami'a suka fara tambayar da ba ta buƙatar izinin Washington: da kuɗin wa ake yin wannan?

A 1980 majalisar Nebraska ta amince da shawarar Sanata Ernie Chambers, baƙar fata ɗaya tilo a cikinta a lokacin, cewa a janye kuɗin jihar daga irin waɗannan kamfanoni. Connecticut ta yi doka a 1982. A Massachusetts, Mel King na majalisar wakilai da Sanata Jack Backman suka kawo ƙudurin janye kuɗin fansho baki ɗaya. Gwamna Edward King ya hau kujerar na-ƙi, amma a watan Janairun 1983 majalisun biyu suka haɗa kashi biyu bisa uku suka tsallake shi. A 1986 Kalifoniya ta zartar da ƙudurin 'yar majalisa Maxine Waters, wanda ya shafi jarin da ya kai kimanin dala biliyan 11, kuma gwamna ɗan jam'iyyar Republican, George Deukmejian, shi ya sa masa hannu. Kafin shekarun 1980 su ƙare, jihohi fiye da ashirin da birane da dama sun ɗauki irin wannan mataki.

Duk wannan ya faru ne a lokacin da manufar Shugaba Ronald Reagan ita ce a ci gaba da hulɗa da Pretoria a lallaɓa ta. Sai jihohi suka sauya lissafin kamfanoni. Kamfanin da cinikinsa a Afirka ta Kudu bai taka kara ya karya ba, ya ga yana shirin rasa masu hannun jari da kwangiloli a gida. A watan Yulin 1985 bankin Chase Manhattan ya ƙi sabunta wa Afirka ta Kudu gajerun basussuka, wasu bankuna suka bi, a farkon Satumba gwamnatin P. W. Botha ta dakatar da biyan wani ɓangare na bashinta. Ranar 2 ga Oktoba, 1986, majalisar tarayya ta tsallake na-ƙin Reagan ta kafa dokar takunkumi, da ƙuri'a 78 da 21 a majalisar dattawa. A cikin watan ne General Motors da IBM suka ba da sanarwar ficewa.

Ba daidai ba ne a ce majalisun jihohin Amurka ne suka rushe wariya. Mutanen Afirka ta Kudu ne suka biya da jininsu, ƙasashen maƙwabta suka sha hare-hare, ƙasashe irin su Nijeriya suka sadaukar da dukiya. Amma gudummawar jihohin ta yi tasiri, kuma Nelson Mandela da kansa ya je Boston a watan Yunin 1990, wata huɗu bayan sakinsa, ya yi wa mutanen Massachusetts godiya. Abin da ya bambanta wannan karo da na baya shi ne an yi lissafi a fili. An yi zaman sauraron jama'a, masu kula da asusun fansho sun faɗi asarar da suke tsoro, dokoki da yawa sun ba da wa'adin shekaru don a sayar da hannayen jarin a hankali. Masu kuɗin 'yan jiha ne masu ƙuri'a, sun ji farashin, suka yarda.

Bama da Hukuncin Kotun Ƙoli

Nasara takan sa a sake gwadawa. Ƙasar Bama, wadda kakanninmu suka sani ta dalilin Yaƙin Duniya na Biyu, ta faɗa hannun wata sabuwar gwamnatin soja a 1988, wadda ta ƙi miƙa mulki bayan jam'iyyar Aung San Suu Kyi ta lashe zaɓen 1990. Ɗan majalisar Massachusetts Byron Rushing ya kawo ƙuduri da ya gina a kan tsarin da aka yi wa Afirka ta Kudu, Gwamna William Weld ya sa hannu a watan Yunin 1996. Dokar ta ce duk kamfanin da ke kasuwanci a Bama, in ya nemi kwangilar jiha, za a lissafa tayinsa kamar ya ɗara abin da ya rubuta da kashi 10 cikin ɗari. Kafin shekarar ta ƙare Apple ya janye daga ƙasar.

Amma duniya ta sauya. An kafa Ƙungiyar Ciniki ta Duniya a 1995, dokar kuma ta shafi kamfanonin Turai da na Japan kamar yadda ta shafi na Amurka. A 1997 Tarayyar Turai da Japan suka kai ƙara gaban ƙungiyar. Wannan ƙara ce ke gaban Washington lokacin da ta tura jami'inta Annapolis kan batun Nijeriya. A 1998 wata ƙungiyar manyan kamfanoni masu cinikin ƙetare ta kai Massachusetts kotu, kuma ranar 19 ga Yuni, 2000, alƙalan Kotun Ƙoli tara suka haɗu a kan soke dokar, a shari'ar da aka fi sani da sunan Crosby. Hujjar Mai Shari'a David Souter ita ce, wata uku bayan dokar jihar, majalisar tarayya ta yi tata dokar kan Bama, ta auna iyakar matsin da take so, ta bai wa shugaban ƙasa ikon ƙarawa ko sassautawa. Takunkumin da shugaban ƙasa ba ya iya ɗagewa ya rage masa abin da zai yi ciniki da shi a teburin sulhu.

Hukuncin bai rufe ƙofar gaba ɗaya ba, domin kotun ba ta ce jiha ba ta da iko da kuɗinta ba. Da rikicin Darfur ya yi tsanani, jihohi suka sake komawa ga janye jari, har a ƙarshen 2007 majalisar tarayya ta yi dokar da ta ba su izinin yin haka game da Sudan. Iyakar da aka tsaya a kanta ita ce, jiha na iya tsame hannunta daga abin da take ƙyama, amma ba za ta shata wa ƙasa manufa ba.

Farautar Masana'antu

Yayin da wasu majalisu ke korar kamfanoni, wasu zawarcinsu suke yi. Daga ƙarshen shekarun 1970 gwamnoni suka riƙa zarya zuwa Tokyo da Jamus suna neman masu zuba jari. Honda ta fara ƙera motoci a Ohio a 1982, Nissan ta buɗe a Tennessee a 1983, Toyota a Kentucky a 1988. Kowace jiha tana ƙoƙarin ɗara 'yar uwarta wajen ba da fili da rangwamen haraji. A 1993 Alabama ta ci gasar samun masana'antar Mercedes-Benz da tallafin kimanin dala miliyan 253 don guraben aiki 1,500, wato kusan dala 169,000 a kan kowane gurbi. An yi ta sukar cinikin, amma daga baya Honda da Hyundai suka biyo, jihar ta zama cibiyar ƙera motoci. Wannan ya nuna cewa ba kowane tallafi ne asara ba, shi ya sa ma aikin tantancewa yake da wuya.

Darasi mafi kusa ya fito daga Wisconsin. A watan Yulin 2017 aka ba da sanarwa a Fadar White House cewa kamfanin Foxconn na Taiwan zai zuba dala biliyan 10 a jihar, ya gina masana'antar manyan allunan talabijin, ya ɗauki ma'aikata har 13,000. Gwamna Scott Walker ya nemi majalisa ta amince da tallafin da ya kai dala biliyan 3. Ofishin nazarin kasafi na majalisar, wanda ba ya ƙarƙashin gwamna ko jam'iyya, ya fitar da lissafi cewa ko da komai ya tafi daidai, jihar ba za ta mayar da kuɗinta ba sai bayan kimanin shekara 25. 'Yan majalisar sun karanta, amma suka zartar, Walker ya sa hannu a watan Satumba. Ashe kallon kitse ake yi wa rogo. Ba a gina masana'antar da aka yi alkawari ba. A watan Afrilun 2021 gwamnatin Tony Evers ta sake yarjejeniyar: jari ya koma dala miliyan 672, guraben aiki 1,454, tallafi kuma bai wuce dala miliyan 80 ba.

Abu ɗaya ya ceci baitulmalin jihar daga asarar biliyoyin. An ɗaure tallafin da sharaɗi, ba a biya sai an ga ma'aikatan da aka ɗauka da jarin da aka zuba, kuma masu binciken kuɗi na majalisa suna bin diddigin hukumar da ke biyan. A inda babu irin wannan sharaɗi kuwa an ji jiki. Ƙaramar hukumar Mount Pleasant da gundumar Racine sun ci bashin ɗaruruwan miliyoyi don sayen fili da jawo ruwa, an kuma tashi iyalai daga gidajensu saboda masana'antar da ba ta zo ba. Kuskuren Indiana na 1836 ne ya dawo cikin sabuwar riga, sai dai wannan karon an ɗaure rabin jakar.

Kammalawa

Idan aka jera waɗannan labarai, za a ga cewa majalisar jiha ba ta taɓa rasa hanyar taɓa ƙasashen waje ba, duk da haramcin 1787. A Charleston da Sacramento ta ɗora nauyin dokarta a kan baƙon da ba shi da ƙuri'a, ta bar wa ƙasa abin kunya. A Indiana da Mississippi ta ɗora shi a kan talakan da ba a nuna masa lissafi ba, ta zubar da mutuncin ƙasar a kasuwannin Turai. A Boston ta 1983 ta faɗi farashin a fili, masu kuɗin suka amince, kuma wannan ne karon da tarihi ya fi tunawa da alheri. Ƙarfin majalisa a wannan fage ya fi bayyana a ɗakin kwamiti, inda ake kiran jami'i a ce ya kawo takardar yarjejeniya a karanta.

Mai karatu ɗan Nijeriya ba baƙo ba ne ga wannan tsari, domin daga Amurka kundin 1979 ya aro tsarin shugaban ƙasa da gwamnoni da majalisun jihohi. Kundin 1999 ya sa harkokin waje da ranto kuɗi daga ƙetare cikin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka, amma sashe na 128 da na 129 sun bai wa majalisar jiha ikon bincike da kiran duk wanda take son ji daga bakinsa, kuma ba a taɓa kuɗin jiha sai da amincewarta. Duk lokacin da gwamna ya dawo daga ƙetare da labarin masu zuba jari ko sabon rance, tambayoyin da New York ta rubuta a kundinta tun 1846 suna nan suna jiran mai yin su: wane aiki za a yi da kuɗin, wane haraji ne zai biya su, kuma an gaya wa masu biyan? Masu iya magana sun ce bashi hanji ne, yana cikin kowa. Takardun Mississippi na 1838 har yau ba a biya su ba.